Kwamfutoci Huɗu a Shagon Kalakla

Yara uku ƙanena ya bari, mata biyu da namiji ɗaya, da matarsa, da mahaifiyarmu wadda ke zaune tare da su a unguwar Kalakla tun da ƙafafunta suka fara ciwo. Bai bar fili ba, bai bar gida ba, motar hayar da yake tuƙawa ma ta wani ce. Da matar ta fita takaba, mahaifinta ya taso daga ƙauyensu na yankin Jazira da maganar da kowa ya san zai zo da ita. Zai tafi da 'yarsa gida, yaran kuma ƙanana ne, inda uwarsu take nan za su zauna. Sai da ya fita alwala Inna ta riƙe hannun rigata ta ce in za a tafi da yaran nan, a fara haƙa mata kabari tukuna.

Na roƙi dattijon ya dakata. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsinkar auduga a gonakin da ba nasa ba, ya san ɗacin cin abinci daga hannun wani. Ya ce ba ya shakkar zan ciyar da su, amma ba zai bar 'yarsa ta zauna tana duban ƙofa tana jiran abin da wan mijinta zai aiko ba. Idan tana da sana'ar da za ta riƙe ta da 'ya'yanta, ta zauna. Idan babu, zai dawo bayan girbin dawa na baɗi ya kwashe su. A kan haka muka rabu.

Ni dillalin tsofaffin kwamfutoci ne a Kasuwar Libiya, can yammacin Omdurman, tun kafin yaƙi ya watsa mu. Da tebur na fara, ina sayar da batir da kaset, daga nan na koma cajar waya, daga baya na shiga sayen kwamfutocin da ofisoshin ƙasashen Larabawa suka gaji da su, ana kawo mana su a kwantena. Ban yi makarantar abin ba. Buɗewa nake yi in duba, in lalata, in gyara, har hannuna ya saba. Matar ƙanena kuwa ta koyi buga rubutu kafin aure, hannunta na da sauri ƙwarai a Larabci. Saboda haka ban yi dogon tunani ba. Na kama mata ɗaki a bakin titi, kusa da makarantu da wata kwaleji, na zuba kwamfuta huɗu da firinta biyu da injin fotokwafi. Ita da wata maƙwabciyarsu za su riƙa bugawa, sauran biyun kuma na masu son su zauna su yi aikinsu da kansu.

Kwamfuta ƙarfe ce kawai sai an ɗora mata babbar manhajar da ke tafiyar da ita, wadda mu a kasuwa muke ce wa tsari. Iri uku ne suke wucewa ta hannunmu, kowanne da sunan da muka laƙaba masa. Akwai na kowa, wanda ke kowane ofis da kowace makaranta. Akwai na masu kuɗi, wanda ba a sayar da shi sai tare da injinsa. Akwai na kyauta, wanda ba a biyan ko sisi, wasu mutane ne a duniya suke haɗuwa su gina shi su bar wa mai so.

Na masu kuɗi ban daɗe a kansa ba. Na taɓa riƙe guda ɗaya a shago, fara tas, ba ta ƙara, hoto a fuskarta kamar ka sa hannu ka taɓa. Amma haruffan Larabci a madannanta ba a inda aka saba suke ba, mai bugawa da ka sai yatsunsa su yi ta tuntuɓe. In wani abu ya ƙone a cikinta kuma, duk kasuwar ba mai kayan gyaranta. Injin mai zane ne ko mai haɗa fim, ba na matar da ke neman cefanen yau ba.

Na kowa na ɗora mata, kamar yadda kowa ke yi. A waɗancan shekarun ƙasar na ƙarƙashin takunkumi, ko kana da kuɗi ba ka da hanyar sayen na asali cikin sauƙi. Kwafi ne ake sayarwa a faifai a bakin hanya kamar gyaɗa. Yana aiki, duk wata firinta ta san shi, duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta ya san inda zai danna. Aibinsa shi ne ƙofarsa a buɗe take. Ɗalibi zai shigo da filashi, ɗan abin nan da ake ajiye rubutu a ciki, ya riga ya soka shi a kwamfuta goma a gari, ya kwaso cuta. Da an soka shi a ta shago sai ta kamu. Takardu su ɓuya, injin ya riƙa jan ƙafa, wata rana ya ƙi tashi gaba ɗaya. Sai in rufe shagona in tsallaka gada, in bi titin gefen kogin Farin Nilu cikin cunkoso, in goge komai in sake ɗorawa. Sau ɗaya cutar ta cinye kundin wani ɗalibi da aka kusa gama bugawa. Sai da matar ta sake buga shi daga shafin farko, ba ta karɓi ƙari ba.

Wannan ne ya sa na juya ga na kyauta. Ban ɗora mata shi da ka ba, sai da na gwada. Na ɗauki tsohuwar kwamfutar da na fid da rai da ita na sa mata shi, ta tashi tana gudu kamar sabuwa. Na nemo filashin da na san cike yake da cuta na soka da gangan, ko gezau. Na buga wasiƙa da Larabci na fitar a takarda, ta fito daidai. Na zare waya daga bango ana tsakiyar aiki, kamar yadda wutarmu ke yi, na mayar, rubutun ya dawo. Na ce na sami abin da nake nema. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ɗora shi a kan duk huɗun. Na nuna yadda ake buɗewa da yadda ake adanawa, ina magana ina duban fuskar kwamfutar, ita tana tsaye can bakin ƙofa da mayafinta. Da na gama ta ce, "To, Yaya. Allah ya saka da alheri."

A gidajenmu matar ƙane ba ta sakin jiki da wan miji. Ba ta kiran sunansa, ba ta cin abinci a gabansa, in ya shigo ɗaki ta tashi. Larabawan da muke maƙwabtaka da su dariya abin yake ba su, 'ya'yanmu da suka tashi a birni kuma da yawa sun watsar. Ita tarbiyyar ƙauyen Jazira ce, ta riƙe abinta da kyau. Abu mafi nauyi a wurinta shi ne ta dubi wan mijinta ta ce abin da ya ba ta yana da aibi. Ni ma da wannan kunyar na tashi, ban taɓa zama a shagon ya wuce gaisuwa ba, don na san muddin ina ciki ba za ta zauna ba.

Watanni suka shuɗe. Duk ranar da na je gaida Inna nakan tsaya a ƙofar shagon in tambayi aiki, ta ce lafiya lau. In tambayi kwamfutoci, ta ce ba abin da ya same su. Gaskiya ta faɗa, tun ranar ba wadda ta sake kwanciya. Na huta da tsallaka gada. A kasuwa na zama mai wa'azin na kyauta, duk wanda ya sayi tsohon inji sai na ba shi labarin shagon Kalakla.

Akwai wani Balarabe, mutumin arewacin ƙasar, mai shagon buga takardu a tsallaken titin da nata yake. A wurina yake sayen tawada. Wata rana ya zo shagona ana cin ful, dafaffen waken da muke ci da hantsi, ya sa hannu a kwano kafin a ce masa bismilla, kamar yadda ya saba. Yana taunawa ya ce, "Alhaji, yau ninka mini tawada za ka yi. Gidanku ya hana firintata hutu."

Na ce ban gane ba. Ya dube ni ya ga da gaske nake, sai ya ajiye burodin. Ya ce ai ya ɗauka na sani. Kusan kullum matar ƙanena takan tsallako da filashin masu kawo mata aiki, ta zauna a kwamfutarsa ta gyara, ta fitar a firintarsa, ta biya shi kamar kowane baƙo. Wato duk aikin da ta yi ta wannan hanya wahalar banza ce, abin da ta karɓa shi take miƙa masa. Ɗaliban kwalejin kuwa da suka gane inda takardarsu ke fitowa, sai suka daina bi ta wurinta. Ya ce, "Wallahi ba na son cin abincin marayu. Amma in ɗalibi ya shigo da ƙafarsa ba zan kore shi ba. Kai da kake likitan kwamfuta, me ka ba su haka?"

Na ce ya ba ni ɗaya daga irin takardun. Ya kwafa mini kundin wani ɗalibi da ke cikin filashinsa. Bayan ya tafi na buɗe shi a tsarin kyauta, a nan na ga abin da gwajina bai nuna mini ba. Salon haruffan da malaman kwaleji ke dagewa a kai babu shi a ciki, sai ya musanya da wani mai faɗi. Layuka suka zame, babi ya fara a tsakiyar shafi, jadawali ya tsallake gefen takarda. Inda aka cakuɗa Larabci da Turanci a layi ɗaya, kalmomin suka juya baya. Lambobin shafi ba su dace da abin da ke rubuce a farkon kundin ba. Ni wasiƙa na rubuta a cikinsa na fitar a cikinsa, shi ya sa ta yi kyau. Ita kuwa yawancin aikinta daga waje yake zuwa, an fara shi a tsarin kowa, kuma can zai koma.

Washegari na tafi Kalakla. Ban tsaya a shago ba, na wuce cikin gida wurin Inna na faɗa mata abin da na ji. Ta aika aka kira matar. Ta zo ta durƙusa daga bakin ƙofar ɗakin, rabin jikinta a waje. Na san in na tambaye ta kai tsaye amsar da na saba ji zan ji, don haka na fuskanci Inna na ce ta tambayar mini ita yadda aiki yake.

Inna ta ce, "Ni da ban san ta inda ake kunna abin ba, yau ni ce tafinta." Ta juya ta ce, "Kin ji Yayanki."

Ta ce, "Inna, ki ce wa Yaya kwamfutocin ba su taɓa lalacewa ba."

Na ce, "Inna, ba lafiyar kwamfuta nake tambaya ba. Lafiyar shago nake tambaya."

Inna ta ce mata ta yi magana, in ba ta yi don kanta ba ta yi don yaran, girbi ba zai jira kunyarta ba. Sannan ta fara, a hankali, idonta na kan tabarma, da Inna take maganar, ba da ni ba. Ta ce abin da ta buga da hannunta daga farko ba ya ba ta wahala, injin na da sauri, in wuta ta ɗauke ba ta rasa aikinta, tun da aka canza kuma ba ta sake kwana da fargabar cuta ba. Amma takardar waje in ta shigo sai ta wargaje. Firinta mai launi ta daina amsawa tun ranar, saboda haka katin biki da takardar shaida duk tsallaken titi take kai su. Masu zuwa su zauna da kansu kuma da sun ga fuskar ba wadda suka saba ba ce sai su tashi. Maƙwabciyar da ke taya ta ta bar zuwa, don babu aikin mutum biyu. Inna ta tambaye ta me ya hana ta faɗa tuntuni. Ta ce Yaya ya bar kasuwarsa ya zo ya yi da hannunsa, ta ga yana murna da shi.

Ban yi mata faɗa ba, ba abin faɗa a ciki. Na ce Inna ta tambaye ta wanne take so. Ta ce tsohon, in da za a raba shi da cutar.

Raba shi da cutar gaba ɗaya ba ya yiwuwa, amma ana iya tsare ƙofa. Na mayar da uku kan tsarin kowa, na toshe ramukan da ake soka filashi a jikinsu da gam, yadda ko an yi mantuwa ba zai shiga ba. Ta huɗun na bar ta a kan na kyauta, na ajiye ta kusa da ƙofar shiga. Duk filashin da ya zo a nan ake soka shi. Cutar da ke ɓuya a tsarin kowa, a nan fili take fitowa kamar kowace takarda, ba ta da ƙarfin yin komai, a goge ta da dannawa ɗaya. Daga nan a tura aikin zuwa sauran ukun ta wayar da ta haɗa su. Na kuma roƙi matata ta riƙa zuwa Kalakla tana wuni a shagon lokaci lokaci. Su biyun suna hira har da shewa, abin da ba za a faɗa mini ba ita za a faɗa mata, ta kawo mini gida. Ta wannan hanyar na ji cewa injin fotokwafi na cin takarda, na ji mai ɗakin na neman ƙari, duk a kan lokaci.

Shagon ya farfaɗo, amma lokacin kundin ɗalibai ya riga ya wuce, kuma shi ne kakar masu wannan sana'a. Abin da mai shago ya tara a waɗannan makonni shi yake ci har shekara ta zagayo. Ɗaliban da suka saba da tsallaken titi can suka zauna, su suka nuna wa na bayansu hanya. Abin da ya dawo mata shi ne takardun jarrabawar makarantun firamare, da katin biki, da takardun neman aiki. Wasu kuma suka riƙa zuwa don a wanke musu filashi kawai, su ba da ɗan abin da ya sauwaƙa. Balaraben ma yakan aiko da nasa.

Dattijon ya zo bayan girbi kamar yadda ya ce, da buhun dawa a kan mota. Bai tambaye ni komai ba. Ya sa aka ajiye masa benci a cikin shagon, ya zauna da carbinsa tun safe har azahar yana kallon masu shiga da fita. Kwana biyu ya yi haka. Ya keɓe da 'yarsa suka daɗe. A rana ta uku ya kira ni gaban Inna ya ce ya ga sana'a, sana'a ce ta gaske, ba zai ɗauke 'yarsa daga kanta ba. Amma ya ce abin da ke shigowa zai riƙe baki uku, ba zai riƙe huɗu ba, ga kuɗin makaranta na tafe. Zai tafi da babbar yarinyar wurin kakarta ta Jazira har shagon ya ƙara ƙarfi.

Na ce nauyin yarinyar a kaina, daga littafi har takalmi. Ya ce ya sani, amma ba haka muka yi da shi ba. Na buɗe baki zan ba shi labarin watannin da aka rasa da dalilinsu, sai na ga ba abin da zai ƙara. Shi abin da ya gani a bencin ya auna, kuma bai auna da zalunci ba.

Babbar yarinyar takwarar Inna ce, a gadonta take kwana, ita ke shafa mata man zafi a ƙafa. Inna ba ta yi kuka a gaban baƙo ba. Ta kwance ɗaurin zaninta ta ba yarinyar 'yan kunnenta na azurfa, ta ce ta riƙa gaida mutane da kyau kada a ce 'yar birni ce. Na raka su tasha da kaina.

Har yau in mai saye ya tambaye ni wane tsari ya fi, nakan tambaye shi daga ina aikinsa zai riƙa zuwa, kuma ina zai koma. Wanda zai yi aikinsa shi kaɗai a tsohon inji, na kyauta ya fi masa, ban canza ra'ayi ba. Wanda abincinsa ke hannun takardun mutane, ya zauna inda mutane suke, ya tsare ƙofarsa. Na masu kuɗi kuwa sai wanda ke da mai gyara a kusa.

Shagon ya tsaya da ƙafarsa a shekara ta biyu, matar ba ta sake karɓar cefane daga hannuna ba. Yara biyu sun girma a Kalakla, a gaban kakarsu, su suka riƙa kai mata ruwan alwala har ƙarshenta. Babbar takan zo hutun makaranta ta koma. An tsayar da magana za ta dawo gaba ɗaya in ta gama firamare, Inna ta rasu ana saura zango ɗaya. Ko da lokacin kundin ɗaliban nan bai kuɓuce ba, ban sani ba ko dattijon zai bar su duka ukun. Abin da na sani shi ne na nemi uku, na sami biyu.